Tamowa: Abin da awon karotin a jini ke tonawa game da hanjin yara

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 ne suka rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta da ke Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar. Ta ce a wannan tsakanin ta kula da yara kusan 70,000 masu fama da rashin abinci mai gina jiki, kuma kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka ba su gado.

Sanarwar ta zo ne a daidai lokacin da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zaftare kuɗin agajin da suke bai wa ƙasashe masu tasowa. Saboda haka muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga lissafin kaya: katan nawa na abincin tamowa ya rage a rumbu, buhu nawa aka raba, cibiya nawa za a rufe.

Wannan lissafi yana kan hanya, domin yunwa da tsadar abinci su ne tushen matsalar. Sai dai akwai wata tambaya da ba a cika yi ba. Idan abincin ya shiga bakin yaro, nawa ne daga cikinsa ke isa jininsa?

Iyaye mata sun san yaron da ake cewa yana ci amma abincin ba ya kama jikinsa. Likitoci ma sun san shi, kuma suna da wani tsohon gwaji mai sauƙi da ke taimaka musu su gane ko hanji ne ya gaza: auna sinadarin karotin da ke cikin jini.

Mene ne karotin?

Karotin da danginsa, waɗanda masana ke kira karotinoyid, su ne sinadaran da ke bai wa karas da mangwaro da gwanda da kabewa da manja launinsu na ja ko ruwan ɗorawa. Akwai su da yawa a cikin zogale da alayyahu da rama, koren ganyen ne kawai ke rufe launin.

An gano ire-irensu sama da 600 a tsirrai da sauran halittu, amma shida ne suka fi yawa a jinin ɗan Adam. Uku daga ciki, waɗanda bita-karotin ke kan gaba, jiki na iya mayar da su bitamin A. Sauran ukun ba sa zama bitamin A. Daga cikinsu akwai laikofin mai sa tumatir ja, da lutin da ake samu a ganyaye wanda ke taruwa a cikin ido.

Abin da ya ba su daraja a wajen likita shi ne jikin mutum ba ya ƙera su. Duk karotin da aka gani a jini daga abinci ya fito, kuma sai da ya ratsa bangon hanji kafin ya isa can.

Hanyar da yake bi tana da tsawo. Karotin ba ya narkewa a ruwa, a cikin mai yake narkewa. Da farko sai tauna da girki da aikin tumbi sun fasa ganyen ko ɗan itacen sun sako shi. Daga nan sai ya haɗu da maiƙon da ke cikin abincin. Ruwan matsarmama da hanta ke samarwa ya farfasa maiƙon, sinadaran fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi, su narkar da shi. Sannan bangon ƙaramin hanji, wanda ke lulluɓe da 'yan ƙananan tsiro kamar gashin tawul, ya tsotse shi ya tura shi cikin jiki.

Duk inda aka samu tangarɗa a wannan hanya, a hanta ne ko a fankiriyas ko a bangon hanji, karotin zai wuce ya fita da bahaya, adadinsa a jini kuma ya faɗi.

Abin da ya sa likitoci ke auna shi

Tun a shekarun 1950 likitoci a Amurka suka fara amfani da awon karotin wajen tantance marasa lafiyar da ake zargin hanjinsu ba ya tsotsar maiƙo. Dalilinsu na farko sauƙi ne.

Gwajin da aka fi amincewa da shi yana da wahala da ƙyama. Ana sa mara lafiya ya riƙa cin giram 100 na maiƙo kullum, a tara duk bahayar da ya yi cikin awa 72, sannan a auna maiƙon da ke ciki. Idan ya haura giram 7 a rana, an tabbatar akwai matsala. Yin haka ga babba ma aiki ne, balle ga yaro mai gudawa. Awon karotin kuwa ɗibar jini ɗaya ce, wadda ake yi da safe kafin a ci abinci.

Dalili na biyu ya shafi bitamin A kansa. Hanta ce ke ajiye mafi yawan bitamin A na jiki, kuma tana sakinsa cikin jini daidai wa daida. Don haka adadinsa a jini, wanda ake kira ritinol, ba ya faɗuwa sosai sai ajiyar hanta ta kusa ƙarewa. Mutum na iya shafe watanni hanjinsa ba ya aiki yadda ya kamata, awon ritinol na nuna lafiya lau. Karotin ba shi da irin wannan tsarin, shi ya sa yake sauka cikin makonni idan ya daina shiga.

Cututtukan da aka san suna saukar da shi sun haɗa da ciwon fankiriyas mai daɗewa, da toshewar hanyar matsarmama, da cutar Kron mai kumbura hanji, da cutar siliyak wadda ke sa jikin mutum ya yaƙi hanjinsa idan ya ci alkama ko sha'ir. Haka ma mutanen da aka yanke wa wani ɓangare na hanji ko aka rage wa tumbi don rage ƙiba, da masu shan maganin ƙiba na orlistat wanda aikinsa shi ne hana jiki tsotsar mai.

An daɗe ana ɗaukar siliyak a matsayin cutar Turawa. Amma wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 1999 ya gano ta a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Alkama ce ta zama babban abincinsu. Wannan abin lura ne ga garuruwan Arewa inda burodi da taliya da gurasa da fanke ke ƙara mamaye abincin yau da kullum.

Hanjin da ƙazanta ta illata

Waɗancan cututtuka na mutum ɗaiɗai ne. Matsalar da ta fi shafar yaran karkara da unguwannin talakawa ta bambanta, kuma ba ta da fitacciyar alama.

A shekarun 1960 likitoci sun duba matasan Amurka 'yan sa-kai na shirin Peace Corps da aka tura Pakistan. Sun tarar cewa bayan zaman watanni, tsiron bangon hanjinsu ya gajarce, tsotsar abinci ta ragu, da yawansu sun rame. Da suka koma gida, hanjin ya warware a hankali. Daga nan aka fahimci cewa muhalli ne sila.

Yau masana na kiran wannan yanayi lalacewar hanji ta dalilin muhalli. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida inda kaji da awaki ke kashi, yana sa hannu a baka, yana shan ruwan rijiyar da ba a rufe ba, kullum yana haɗiyar ƙwayoyin cuta. Ko da bai yi gudawa ba, hanjinsa na cikin kumburi. Tsiron da ke tsotsar abinci ya daƙushe, bangon kuma ya riƙa yoyo yana barin ƙwayoyin cuta su kutsa cikin jiki. Tsutsar ciki da ƙwayar jiyadiya suna ƙara dagula lamarin.

Masu bincike na cibiyar MRC a Gambiya sun wallafa a 1991 cewa lalacewar hanji na iya bayyana har kashi 43 cikin 100 na tsumburewar jariran da suka bibiya a ƙauyuka. Aikin da aka ci gaba da yi a can ya nuna cewa hanjin jariran ya fi samun sauƙi tsakanin Afrilu da Yuni, lokacin mangwaro.

A 2008 kuma wani bincike a arewa maso gabashin Brazil ya kwatanta jinin yara da ƙarfin bangon hanjinsu. Yaran da hanjinsu ya fi yoyo su ne masu ƙarancin karotinoyid a jini, musamman lutin. Marubutan sun kammala cewa karotinoyid na iya fin ritinol nuna lalacewar bangon hanji.

Alƙaluman Najeriya sun sa wannan batu ya zama na kusa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Na 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin na ƙasa ya hau zuwa kashi 40. A gefe guda, binciken ruwa da tsafta na 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 48 ne ke bahaya a fili.

Inda gwajin ke iya yaudara

Duk da amfaninsa, awon karotin ba ya faɗin sunan cuta. Alama ce kawai da ke cewa a ƙara bincike, kuma yana da rauni guda babba: ƙarancinsa na iya nufin hanji bai tsotsa ba, yana kuma iya nufin mutum bai ci ba.

A ƙasar da kayan lambu ke samuwa duk shekara, likita na iya ɗaukar cewa mara lafiyarsa yana cin su. A ƙauyen da tuwo da miyar kuka ne abincin dare da na safe, wannan zato ba ya tsayawa. Yaron da aka auna a watan Mayu, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa, zai bambanta da shi kansa idan aka auna shi a watan Janairu. Shi ya sa dole a fara da tambayar abin da mutum ke ci. Wata dabarar ita ce a ba shi karotin na 'yan kwanaki a sake aunawa. Idan adadin ya hau, abinci ne ya yi ƙaranci. Idan ya ƙi motsi, hankali sai ya koma kan hanji.

Zazzaɓi da sauran cututtuka masu kumbura jiki suna saukar da karotin da ritinol na ɗan lokaci, haka ma shan taba da barasa. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, dole a haɗa gwajin da wanda ke nuna kumburi a jiki, in ba haka ba a yi kuskuren fassara.

Akwai kuma masu yawan karotin fiye da kima. Cin manja ko karas ko mangwaro da yawa na iya sa tafin hannu da na ƙafa su yi ruwan ɗorawa, har a ɗauka shawara ce. Bambancin yana ido: shawara na rina farin ido, karotin ba ya rina shi. Ciwon suga da raguwar aikin tayroyid ma suna iya ɗaga adadin.

Saboda waɗannan dalilai, manyan asibitocin duniya sun fi dogara yanzu da gwaje-gwajen da ke nuna cuta kai tsaye: gwajin jini na siliyak, awon sinadarin fankiriyas a bahaya, da leƙa hanji da na'ura a ɗebo ɗan nama. Karotin ya zama mai taimakawa a gefe. Awon kowane nau'i daban yana buƙatar na'ura mai tsada, amma awon jimillarsa ana iya yi da na'urar auna launi da ake samu a ɗakunan gwaji da dama, muddin aka kare jinin daga haske.

Darasin Indonesiya da Zambiya

Bincike biyu daga Indonesiya sun sauya tunanin masana kan tazarar da ke tsakanin ci da tsotsa. A na farko, wanda Lancet ta wallafa a 1995, an riƙa bai wa mata masu shayarwa ƙarin koren ganye kullum, amma bitamin A na jikinsu bai ƙaru a zo a gani ba. Waɗanda aka bai wa irin wannan adadin na karotin a cikin biskit kuwa sun samu ƙari sosai. Ganye na riƙe karotin ɗinsa da ƙarfi fiye da yadda aka zata.

A na biyu, na 1998 a tsibirin Sumatra, an bai wa yara abinci mai karotin, akasari jan dankali. An ga cewa ƙara maiƙo a abincin da kuma ba da maganin tsutsar ciki sun taimaka wajen ɗaga bitamin A a jininsu.

Irin waɗannan sakamako ne suka sa a 2001 cibiyar kimiyyar lafiya ta Amurka ta sauya lissafinta. A da ana cewa mikirogiram 6 na bita-karotin na abinci ke ba da mikirogiram 1 na bitamin A. Sabon lissafin ya mayar da shi 12.

Zambiya ta ba da darasi ta ɗaya ɓangaren. Ƙasar na ƙara bitamin A a sukari, tana kuma raba ƙwayarsa ga yara. Da masu bincike suka auna ajiyar hanta a wasu ƙauyukan gabashin ƙasar da wata hanya mai zurfi, sai suka tarar yara da yawa na da bitamin A fiye da kima, alhali awon ritinol na nuna wasunsu a matsayin masu ƙaranci. A lokacin mangwaro har fatar wasu ta canja launi saboda yawan karotin. Awo guda ɗaya na iya sa gwamnati ta ƙara abin da ya riga ya yi yawa, ko ta yi sakaci inda ake buƙata.

Abin da ya rage wa Najeriya

Najeriya na da tsare-tsare uku kan bitamin A. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara shi a man girki da sukari da fulawa. Sau biyu a shekara, a makon lafiyar mata da yara, ana ɗiga wa 'yan wata 6 zuwa 59 ƙwayarsa a baka, ana kuma ba waɗanda suka kai shekara maganin tsutsar ciki. Sannan tun 2011 cibiyar IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike suka fitar da rogo mai launin ɗorawa, daga baya aka samu masara da dankalin Hausa masu ɗauke da karotin.

Dukkan ukun sun dogara da abu ɗaya, wato hanjin da zai karɓa. Rahotannin shirye-shiryen sun fi ƙirga yaran da aka ɗiga wa ƙwaya da manoman da aka raba wa iri. Abin da ya kamata a ƙara shi ne bibiyar wani rukuni na yara a jihohin da tsumburewa ta fi tsanani, a auna karotin da ritinol da alamar kumburi a damina da rani, a haɗa da bayanin abin da suke ci. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri na kusa da waɗannan yara. Akwai ma na'urar da ake sa yatsa a ciki ta auna karotin ta fata ba tare da allura ba, wadda ake amfani da ita a bincike a wasu ƙasashe.

Gyaran muhalli ma ba ƙaramin aiki ba ne. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, abin da ya cancanci yabo. Amma manyan gwaje-gwaje uku da aka yi a Bangaladesh da Kenya da Zimbabuwe, waɗanda aka wallafa a 2018 da 2019, sun nuna cewa gina masai da raba sabulu da maganin tace ruwa a gidaje bai ƙara tsawon yara ba. Masana da dama sun fassara hakan da cewa matakan sun yi kaɗan, tunda yara sun ci gaba da cuɗanya da kashin dabbobi da gurɓataccen abinci. Tsaftar da za ta ceci hanji sai ta haɗa da ruwan famfo mai tsabta da raba makwancin dabbobi da wurin wasan yara.

A matakin gida, akwai abin da binciken ya tabbatar wanda girkin gargajiya ya riga ya sani. Giram 3 zuwa 5 na mai a cikin abinci, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ya isa ya taimaka wa jiki tsotsar karotin. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya cika wannan sharaɗi, haka ma miyar taushe mai kabewa da gyaɗa. Dafaffen ganye ya fi ɗanye sakin karotin. Shanya kuka ko zogale a inuwa ya fi shanya su a rana, domin hasken rana na lalata sinadarin. Soya manja har ya yi fari kuwa yana ƙone abin da ake nema a cikinsa.

Sayen ƙwayar bita-karotin a kemis ba tare da shawarar likita ba yana da haɗari ga wasu. Manyan gwaje-gwaje biyu, na Finlan a 1994 da na Amurka a 1996, sun nuna ƙaruwar kansar huhu a tsakanin mashaya taba da aka bai wa ƙwayar mai yawa.

Alamomin da ya kamata su kai mutum asibiti a bayyane suke: gudawar da ta wuce mako biyu, bahaya mai maiƙo da tsananin wari wadda launinta ya koɗe, kumburin ciki, rama duk da ana cin abinci, da dundumi. Yaron da aka sallama daga cibiyar tamowa ya sake komawa bayan 'yan watanni yana buƙatar a tambayi abin da ake ba shi a gida, a kuma duba ko hanjinsa na karɓar abin da ake ba shin.

Yanzu da kuɗin agaji ya ja baya, jihohin Arewa ne za su riƙa sayen kaso mai yawa na abincin tamowa da kuɗinsu. Kowane katan da aka saya, ana sa ran ya zama tsoka da ƙashi a jikin yaro. Gwamnatin da ke biyan kuɗin tana da haƙƙin sanin nawa ne ke shiga jini, nawa ne kuma ke bin masai.